Filin Ku Tambayi Anti: Yarona ya dawo makaranta da hular Santa

Wannan watan kamar kun haɗa baki wallahi, saƙo a kan saƙo duk maganar biki a makarantar gwamnati. Na zaɓi uku, sauran ku yi haƙuri ku tsinci amsarku a ciki. Masu tambayar rikicin dangin miji da maganin sanyi kuma sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti, ya gida ya aiki. Dan Allah a ɓoye sunana. Ni 'yar zangon Kumasi ce amma shekarata tara kenan a Bronx da ke Niyok, yarana uku biyu suna makarantar gwamnati. Anti tun ƙarshen Oktoba ban huta ba, da farko Halowin aka ce kowa ya zo da shigar dodo na hana, yaron nan ya yi kuka har ya ƙi cin abincin dare, toh yanzu kuma Disamba ta kama jiya ƙaramin mai shekara shida ya shigo min da jar hular Santa a kai da wata bishiya ta kwali duk ya shafe ta da ƙyalƙyali yana ta rera waƙa, wai za su yi wasa a gaban iyaye kafin hutu, har yake tambayata wai me ya sa Santa ba ya zuwa gidanmu ko dan ba mu da bututun hayaƙi ne. Babansu ya ji ya hau faɗa yace a cire su a kai su makarantar Musulunci ta kuɗi, kuma Anti kuɗin ba mu da shi, taksi yake ja ni kuma ina aikin kula da tsofaffi. Abin da ban gane ba, ba an ce makarantar gwamnati a ƙasar nan ba ruwanta da addini ba? To ya aka yi wata guda ana Kirsimeti a aji? Kuma ina da ikon in hana ko za a ce na takura wa yaro a kira min masu karɓe yara?
Wata uwa, Bronx

AMSA

Wa'alaikumussalam ƙanwata. Maganar bututun hayaƙin nan sai da na ajiye wayar na yi dariya, ki shafa min kansa.

Tun farko in faɗa miki, ni ba fatawa nake bayarwa ba. Malamar firamare ce ni da na yi ritaya, hukuncin ko ya halatta yaro ya sa hula ko ya ce wa ɗan ajinsu barka da biki wannan ku kai wa malamanku, kuma kin san su ma ba bakinsu ɗaya ba. Abin da zan iya shi ne in nuna miki yadda makarantar take tunani, don da ɗan gari akan ci gari, kuma na yi Disamba biyu a Maryland wajen jegon 'yata, ni ce mai raka jikoki bakin bas cikin sanyin nan mai shiga ƙashi.

Ki kwantar da hankalinki kan masu karɓe yara, ba a ƙwace ɗa don uwarsa ta ce kar ya yi waƙar Kirsimeti.

Gaskiya ne abin da aka gaya miki, amma rabi aka gaya miki. Gyara na farko a kundin tsarin mulkinsu, wanda ya fara aiki a 1791, abu biyu ya ce, gwamnati ba za ta kafa addini ba kuma ba za ta hana kowa yin nasa ba. Da shi kotun ƙolinsu ta soke addu'ar safe da hukumar ilimi ta jihar Niyok ɗinku ta rubuta wa yara, a 1962, shekara ta zagayo a 1963 ta hana karatun Baibul a matsayin ibada a aji. Amma a wannan hukuncin na 1963 ɗin alƙalan suka bar wata 'yar ƙofa, suka ce koyar da yara labarin addini a matsayin tarihi ko adabi ba laifi, sa su ibada ne laifi. To ta wannan ƙofar bishiyar ɗanki ta shigo, ita da hular da waƙar duka.

Akwai wata shari'a da ta yi kama da taki sosai. A garin Sioux Falls da ke jihar Dakota ta Kudu, a 1977, an sa 'yan nazare wasan tambaya da amsa a bikin Kirsimeti, malama na tambaya yara na amsawa da baki ɗaya kan haihuwar Almasihu, kamar dai yadda muke yi a Islamiyya. Wani uba wanda bai yarda da addini ba ya yi ƙorafi, hukumar makarantun ta sake dokoki, bai gamsu ba aka tafi kotu. A 1980 kotun ɗaukaka ƙara ta ce wancan tambaya da amsar kam ta wuce gona da iri, amma waƙoƙin biki da zane da wasan kwaikwayo suna iya zama in dai don ilimi ake yi ba don bauta ba, kuma dokokin da kotun ta amince da su sun ce yaron da ba ya so a ƙyale shi. Ki riƙe wannan na ƙarshen.

Sai ta garinku. Tsarin makarantun birnin Niyok ya yarda a kafa bishiyar Kirsimeti, da fitilar Yahudawa mai rassa, da wata da tauraro saboda Musulmi, amma ya hana ajiye siffar jariri Yesu a sakarkari. Kin san wa ya kai ƙara? Wata uwa Kirista 'yar Katolika, ta ce an bar alamar Yahudawa da ta Musulmi an hana tasu, kuma a 2006 ta faɗi a kotun ɗaukaka ƙara. Wato yadda kike jin an cika wa ɗanki kai da Kirsimeti, haka wata take can tana jin an cire wa bikinta rai an bar mata kwali da alewa. Su kansu malaman makaranta suna da sunan da suke kiran wannan wata da shi, ma'anarsa tsaka mai wuyar Disamba.

Ni dai ra'ayina, wannan rabon da alƙalai suka yi na cewa bishiya da Santa al'ada ce, sakarkari kuma addini, a takarda ne kawai yake da kyau. Yaro ɗan shekara shida ina ya san wannan? Shi abin da ya gani an ƙawata aji sati uku don bikin su wane, nashi bikin ko ambatonsa ba a yi ba, shikenan lissafinsa ya ƙare. Kuma Santan ma asalinsa wani bishop ne Nikolas na garin Mira a ƙasar Turkiyya ta yanzu, tun ƙarni na 4, aka yi ta juya labarinsa har ya zama tsoho mai tumbi da 'yan kasuwa ke sayar da kaya da shi. Wani abin mamakin ma, a Massachusetts su kansu Kiristoci masu tsauri sun taɓa haramta bikin daga 1659 zuwa 1681, duk wanda aka kama yana yi tarar sule biyar, suna ganinsa bidi'a ce. Sai a 1870 ya zama hutun gwamnatin tarayya. Amma duk da haka ban ce a share komai aji ya koma kamar ɗakin asibiti ba, na riƙe alli na san yara suna son biki kamar yadda suke son tara, abin da nake dubawa ɗaya ne, shin ana nuna wa yaro abin da wasu ke yi ne ko ana sa shi yi. Ya san maƙwabcinsa na kunna kyandir dare takwas a Hanuka, bikin Yahudawa, ilimi ne. A tsayar da shi a kan dandamali ya furta da bakinsa abin da gidansu ba su yarda da shi ba, wannan kuma daban.

Don haka ki fara da malamar ajin, kar ki tsallake ta ki tafi wajen firinsifal, ba malamin da ke son a kai ƙararsa kafin a gaishe shi. Ki tura mata imel ko ki tare ta lokacin tashi ki ce ta ba ki jerin waƙoƙin da za a yi. Sau da yawa za ki tarar na dusar ƙanƙara ne da barewa da ƙararrawa, ɗaya ko biyu ne masu ambaton haihuwa da ubangijintaka. Ki zauna da baban yara ku ware, wannan mun yarda wannan ba mu yarda ba, ku rubuta mata dalla-dalla, don in kika ce kawai "ba ma Kirsimeti" za ta rikice har zanen dusar ƙanƙara ta hana shi. Kuma ba za ta yi mamaki ba, Shaidun Jehobah sun riga sun share muku hanya tuntuni, su ko bikin zagayowar haihuwa ba sa yi, su ne ma suka ci shari'ar 1943 da ta hana a tilasta wa yaro sara wa tuta.

Tambayar da iyaye suke mantawa ita ce, to in an cire shi me zai yi a lokacin? Na ga wannan da idona a makarantar jikokina, na je ɗauko su ranar fati na hangi wani yaro shi kaɗai a laburare da fensir mai kala, ana jiyo kiɗa da ihun 'yan ajinsu ta bango, idonsa ya yi ja. Iyayensa sun ci nasara a takarda, amma ni ban san abin da yaron nan zai riƙa ji ba duk sanda aka ambaci addininsu. Ki nemi a ba shi wani aiki a cikin taron, raba takardun shiri ko jan labule, ko ki ɗauki rabin yini ki zo ki tafi da shi ku sha ayis kirim, ya zama ranarsa ce ta musamman ba ranar horo ba. Kuma baɗi kar ki jira Disamba, tun Satumba ki yi maganar, har da ta Halowin.

In kika haɗu da mai taurin kai, doka tana bayanki fiye da da. A Yunin 2025 kotun ƙoli ta goyi bayan wasu iyaye a gundumar Montgomery ta Maryland, Musulmi da Kiristoci tare suka shigar da ƙarar, kan cewa suna da haƙƙin a sanar da su kuma su janye yaransu daga karatun wasu littattafai da suka saɓa wa addininsu. Ba a kan biki aka yi shari'ar ba, amma duk firinsifal ya san da ita. Sai dai ki bar ta a jaka, ba da ita ake buɗe hira ba. Abin da ya fi hular Santa cancantar ku sa wa ido a ganina shi ne jihohi irin su Luwiziyana a 2024 da Texas a 2025 da suka yi dokar a liƙa Dokoki Goma na Baibul a bangon kowane aji, abin da ya jawo shari'o'i.

Kar kuma ki manta ku 'yan Niyok kuna cikin masu sa'a. Tun 2015 lokacin magajin gari Bill de Blasio ake rufe makarantun gwamnati na birnin ranar ƙaramar sallah da babba, bayan shekaru iyaye da masallatai suna bin abin. A gundumar Montgomery ɗin can da Musulmi suka nemi irin haka a 2014, hukumar sai ta goge sunayen bukukuwan addini gaba ɗaya daga kalanda amma hutun Kirsimeti da na Yahudawa yana nan daram, an fasa kowa ya rasa kenan a baki kawai. Tunda ku kun samu, ki yi amfani da shi, kafin azumi ki ce wa malamar kina so ki zo minti ashirin ki ba yara labarin sallah, ki tafi da dabino da cincin da kayan sallar yaran, ki nuna musu lalle, ki ba su labarin yawon sallah a zango. Amma fa ban da wa'azi, ma'aunin da kika auna wa malamar da shi za a auna miki.

Ki kuma duba gidanki. Sallah a Amurka ta bushe, a sauko idi baba ya koma taksi mama ta tafi aiki yaro ya wuni gaban talabijin, sannan mu yi mamaki don yana sha'awar bikin da ake kunna wa gari wuta wata guda. Mu da muka tashi da tashe, daga goma ga azumi muna shafa bula muna cusa tsumma a ciki muna bin gida gida ana ba mu hatsi da kwabo, bai kamata mu kasa gane abin da yaro yake gani a Halowin ba, shigar ban dariya ce da alewa. Ki ƙawata falo da azumi, ki naɗe masa kyauta a takarda mai ƙyalli ya farka ya gani ranar sallah, ku haɗu da matan unguwa ku yi musu fati. Maigida kuma ki lallaɓa shi, bashin kuɗin makaranta ba ƙaramin abu ba ne, ku gwada wannan tukuna.

TAMBAYA

Salam Anti, Allah ya ƙara lafiya. Ni malami ne a wata sakandaren gwamnati a jihar Kaduna, ɗalibanmu Musulmi sun fi yawa amma Kiristoci ma ba kaɗan ba ne. Da watan Maulidi an yi taro a filin asambili lokacin karatu aka kawo mai wa'azi da 'yan ishiriniya kowa da kowa aka tara, yanzu malamai Kiristoci sun ce su ma za su yi waƙoƙin Kirsimeti a filin kafin a ba da hutu, toh sai ɗakin malamai ya kama da wuta, wasu na cewa ba za a yi ba mu ne masu rinjaye, su kuma 'yan Izalan cikinmu suna cewa ai dama Maulidin ma bai kamata a yi ba, firinsifal ya rasa yadda zai yi sai ya kafa kwamiti ya jefa ni ciki wai ni ne mai sanyin hali. Anti me zan ce musu?
Wani malami, Kaduna

AMSA

Malam sannu da shan zafi, kowace makaranta mai sanyin hali ake tura wa wuta.

Ka shiga taron da kundin tsarin mulki na 1999 a hannunka, ka buɗe sashe na 38 ƙaramin sashe na 2 ka karanta musu. Abin da ya ce a taƙaice, duk wanda ke zuwa makaranta ba za a tilasta masa karɓar darasin addini ko shiga ko halartar wani biki ko ibada ba in dai na wani addini ne ba nasa ba, ko na addinin da iyayensa ba su amince da shi ba. Ka lura har da halarta, ba sai an sa shi ya yi ba, tsayar da shi a layi ma ya isa. Ka ga kenan tun ranar Maulidin da kuka tara kowa da kowa kun riga kun taka, kuma in Kiristocin suka tara kowa su ma sun taka. Maganar rinjaye kuma ka tambayi mai faɗinta, in aka yi masa canjin aiki zuwa Kagoro ko Zonkuwa inda Kiristoci suka fi yawa ya tafi da yaransa, zai so a yi masa wannan lissafin?

Mu ba Amurka ba ne, kar wani ya ce a kwaso nasu a dasa. Sashe na 10 ya hana gwamnati ɗaukar addini ɗaya a matsayin na ƙasa, amma muna addu'a a asambili, muna da darasin addinin Musulunci da na Kirista, IRK da CRK, gwamnati na ba da hutun sallah biyu da Maulidi da Kirsimeti da Ista, ba wanda ya ce a daina. Kuma muna da abin da ya dace da wannan aikin tun kafin a haife ka, ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSS tun 1954 take, ta ɗalibai Kirista FCS kuma an kafa ta a Gindiri a 1957. Ku miƙa musu bukukuwan. FCS ta yi waƙoƙinta a zaure bayan an tashi ko ranar da aka gama jarrabawa, MSS ta yi nata haka, mai so ya je, ba kiran suna, ba firifet a bakin ƙofa da bulala, kuma kar a sa wa kowane ɗalibi kuɗin fati, wanda zai ci shinkafar shi zai biya. Filin asambili da lasifikar makaranta kuwa ko dai kowa ya samu ko kowa ya haƙura. Wannan ya warware maka har rigimar 'yan Izala da 'yan ɗarika, don tunda mai so ne zai je, uban da bai yarda da Maulidi ba shi ma yana da bakin magana a kan ɗansa.

Bari in ba ka labarin kaina don kar ka ga kamar daga sama nake magana. Ina sabuwar malama aka ce mu fito da yara zagayen Maulidi, na jera 'yan ajina kaf na raba musu tutoci. Akwai wata yarinya shiru-shiru mai suna irin na ranaku, Hausa a bakinta kamar ta fi ni, ashe Bahaushiya ce Kirista, ni ko a raina ban kawo ba. Ta bi mu cikin rana har muka dawo ba ta ce uffan ba. Washegari uwarta ta zo, ba ta ɗaga murya ba, ta durƙusa ta gaishe ni ta ce Malama in da 'yarki ce aka sa ta bin gicciye ranar Ista ya za ki ji. Wallahi har yau in na tuna sai na ji kunya, kuma tun daga ranar ban ƙara jera yara a kan zato ba.

Kuma ka san dalilin da ya sa abin ke saurin ɗaukar zafi a wajenmu. Boko ta shigo hannu da hannu da mishan, iyayenmu suka yi ta ɓoye yara a rumbu, da gwamnatoci suka karɓe makarantun mishan a shekarun 1970 sai aka samu makarantar gwamnati mai sunan coci da kuma coci mai ganin har yanzu tata ce, shi ne abin da ya fashe a Ilorin a 2021 har aka rufe makarantu goma kan hijabi, kafin kotun ƙoli ta yanke na Legas a Yunin 2022 ta ce ɗaliba na da ikon sawa. Kai kuma ɗan Kaduna ne, ba sai na tuna maka cewa rikicin Kafanchan na 1987 a harabar kwaleji ya fara ba, a wajen taron addini na ɗalibai. Don haka duk wanda za a gayyato ya yi magana, ko malam ko fasto, kwamitinku ya san shi ya kuma ja masa kunne ya tsaya a kan nasa kar ya taɓa na wani. Abin da kuka yanke ku rubuta, firinsifal ya sa hannu, shugaban PTA ya sa, a liƙa a ɗakin malamai, don baɗi wani firinsifal ɗin ne zai zo ya ce bai san zancen ba.

TAMBAYA

Anti ina wuni. Ni mutumin Damagaram ne ina zaune a Faransa da iyalina. Babbar ɗiyata kullum sai ta cire kallabi a bakin ƙofar lakwal, an ce laisite, wai gwamnati ba ruwanta da addini, amma a lakwal ɗin ƙanenta ga itacen Nowel nan tsaye a tsakar zaure har da fitilu, kuma in Janairu ta zo za su ci wani kek na sarakuna a aza wa yaro kambi. Wannan ba munafunci ba ne?
Wani uba, Faransa

AMSA

Lafiya lau Alhaji, ya iyali ya baƙunta. Munafunci kalma ce mai nauyi, amma son kai kam akwai, ba zan ɓoye maka ba. Su a wajensu itacen da kek ɗin al'adar ƙasa ce ta tashi daga addini, duk da kek ɗin na bikin 6 ga Janairu ne, tunawa da masanan da suka kai wa jariri Yesu ziyara. Kallabin ɗiyarka kuma dokar 15 ga Maris 2004 ce ta kama shi, wadda ta hana ɗalibai sa alamar addini mai fitowa fili a makarantun gwamnati, da hular Yahudawa da babban gicciye duk a ciki, sai dai kowa ya san wa aka fi nufi, a 2023 kuma aka ƙara da abaya. Ƙasar da ta raba coci da gwamnati tun 1905 amma cikin ranakun hutunta 11 guda 6 na Kirista ne, har hutun makaranta na kaka sunan bikin waliyyai yake ɗauke da shi, a yankin Alzas da Mozel kuma har gobe ana darasin addini a makarantar gwamnati saboda a 1905 suna hannun Jamus dokar ba ta hau kansu ba. Mai gida ba ya jin warin ɗakinsa, abin nasu ya daɗe har sun daina ganinsa addini.

Sai dai shawarar da na ba 'yar'uwarmu ta Bronx ba duka za ta yi maka aiki ba, Faransa ba ta da wannan sauƙin na janye yaro daga abin da ke cikin manhaja, kuma dokar kallabi ba daraktan lakwal ne ya yi ta ba balle ka je ka yi masa faɗa. Abin da kake da shi, ma'aikatar iliminsu ta yarda a ba ɗalibi izinin fashi a manyan ranakun addininsa, sallah biyu suna ciki, ka rubuta takarda tun da wuri kar a rubuta musu fashi ba dalili. In za a yi waƙoƙi kuma ka nemi ganin su, da wuya ka tarar da na coci don malaman can sun fi ka tsoron a ce sun kawo addini aji. Ita babbar ka riƙa zama kana jin ta bakinta, cirewa da mayarwa kullum a bakin ƙofa gaban ƙawaye ba ƙaramin abu ba ne ga budurwa, kar ka bar ta da shi ita kaɗai.

Kek ɗin kuma in kun bar shi ya ci, ka gaya masa ya tauna a hankali, suna ɓoye wani ɗan abu mai tauri kamar tangaran a ciki, wanda ya samu shi ne sarki, kar ya je garin neman kambi ya bar haƙori a can.